Darasi na Bakwai: Wa Zai Kula da Haƙoran 'Yan Makaranta?

Haƙoran yaro na farko guda 20 ne. Idan ya kai wajen shekara shida sai ya soma famfara. A daidai lokacin nan ne wasu turame huɗu ke tsirowa can ƙuryar baki, biyu sama biyu ƙasa, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna ɗauka su ma za su zube wasu su fito. Ba haka ba ne. Waɗannan na dindindin ne, in sun lalace babu madadinsu. Samansu yana da 'yan ramuka inda abinci ke maƙalewa, shi ya sa sukan riga sauran yin kogo.

Yaro mai wannan shekaru yana ajin farko na firamare, don haka makaranta ce wurin da ya fi sauƙin samunsa. Matsalar kuwa ba ƙarama ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce yara miliyan 514 ne ke da ruɓewa a haƙoransu na farko. Likitocin haƙori ba za su iya bin kowane aji ba, kuma yawancinsu a birane suke.

To wa zai yi aikin? Tun 1921 ƙasar Niyu Zilan ta fara bai wa mata horo na shekara biyu a kan jinyar haƙori, tana tura su makarantu. Irin wannan ma'aikaciya tana duba baki, ta shafa maganin fuloraid mai ƙarfafa haƙori sau biyu a shekara, ta toshe ramukan turame tun kafin su ruɓe, ta cike ƙaramin kogo. Abin da ya fi ƙarfinta sai ta tura wa likita. Rashin lantarki ma ba hujja ba ne: a Tanzaniya, cikin shekarun 1980, aka ɓullo da hanyar kankare ruɓa da kayan hannu a cike ramin, ba inji. Malamin aji kuwa zai iya tsayawa a kan yara su goge baki da buroshi da man fuloraid kullum, su tofar, kada su kuskure baki da ruwa.

Ga inda ake yawan tuntuɓe. A zo a leƙa bakin yara, a rubuta sunaye, a tafi, shi ke nan. Dubawa ba magani ba ce, kuma zalunci ne a gaya wa uwa haƙorin ɗanta ya ruɓe ba a nuna mata inda za ta kai shi ba. Ma'aikaciya ba ta zama sai albashinta yana zuwa a kan lokaci, da abin hawa, da kayan aiki da ake tafasawa ko turarawa bayan kowane yaro, da likitan da za ta kira.

Aiki: Ku wanke hannu, ku sa yaronku ya buɗe baki a wuri mai haske, ku nemo turamen nan huɗu. Idan kun ga baƙin ɗigo ko rami, ku rubuta a littafinku. A taron iyaye da malamai mai zuwa, ku tambaya: yaushe ma'aikaciyar haƙori za ta dawo, kuma wane asibiti ake tura yaran da aka samu da kogo?