Karatun Germinal a rukuni: kurakuran da ɗalibai suka fi yi

Marubucin Faransa Émile Zola ya wallafa Germinal, ƙagaggen labari kan yajin aikin masu haƙar kwal, a 1885, bayan ya je Anzin a arewacin Faransa lokacin yajin aikin 1884, har ya sauka cikin ramin kwal da kansa. Littafin kashi 7 ne, babi 40.

Kuskure na farko shi ne a ce kowa ya karance shi kafin a zauna. Rabin rukunin ba sa wuce kashi na biyu, sai a ƙare da kallon fim ɗin littafin na 1993 a madadinsa. A ɗauki kashi ɗaya kowane mako, mako 7 ke nan, a bar fim ɗin sai ƙarshe.

Babban kuskuren kuwa shi ne tsallake lissafin kuɗi a bi soyayyar Étienne, jarumin labarin, da Catherine, 'yar mahaƙin kwal Maheu. Wanda ya yi haka ba zai gane dalilin yajin aikin ba. Gidan Maheu mutum 10 ne, biyar ke aiki: Maheu da ɗansa Zacharie faran (kuɗin Faransa na lokacin) 3-3 a yini, Catherine da tsoho Bonnemort 2-2, yaro Jeanlin 1. A baki faran 11 ne, amma matar gidan ta ce idan an cire Lahadi da ranakun da babu aiki, ba ya wuce 9. Sannan kamfani ya rage kuɗin kurar kwal daga santim 50 zuwa 40 (santim 100 ne faran 1), wai zai biya aikin kafa katakon tokare rufin rami daban. Ma'aikata suka lissafa, suka ga santim 2 suke asara a kowace kura. A ba mutum ɗaya allo ya riƙa rubuta waɗannan alƙaluma duk zama, a haɗa da tarar da ake yanka da bashin da suke ci a kantin ɗan kasuwa Maigrat. A nan ne ake ganin yadda yunwa ta shiga gidan.

Ana kuma cuɗa jagororin ma'aikata kamar bakinsu ɗaya. Rasseneur na son sulhu, Étienne na son ƙungiya da yajin aiki, Souvarine kuwa rushe komai yake so, kuma shi ya lalata ramin kwal na Voreux, inda suke aiki. A raba rukunin uku, kowane ɓangare ya kare ɗaya da hujja daga shafi.

A rubutun jarrabawa kada a kawo Montsou, garin da labarin ya faru, a matsayin garin gaske. Ƙirƙirarsa Zola ya yi. Anzin ne ke cikin tarihi.