Yavalath: kurakuran da hannun ɗan dara ke jawowa

Tun bayan girbi muke buga Yavalath, wasan jera 'ya'ya a gurabe mai kama da dara, a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, a wani ƙauye kusa da Ringim. Wata manhajar kwamfuta mai suna Ludi, wadda Cameron Browne ɗan Ostireliya ya rubuta, ita ta fito da wasan a 2007. Kowa yana ajiye ɗa ɗaya bi da bi, ba a matsarwa, ba a cinyewa. Wanda ya jera huɗu ya yi nasara, wanda ya jera uku ba tare da huɗun ba ya faɗi.

Tun wajen haƙa gurabe ake fara kuskure. Yara sukan tona su a miƙe kamar na dara, alhali kamar saƙar zuma ake yi, layi tara: 5, 6, 7, 8, 9, 8, 7, 6, 5, jimla 61. Kowane gurbi ya zauna a tsakanin biyun da ke samansa. Jeri ta fuska uku yake tafiya, kuma na karkacen nan biyu su ido ke mantawa.

Babban kuskuren kuwa na gwanayen dara ne. A dara uku ke ci, don haka hannu ya saba. Kawuna, wanda ba a taɓa shi a dara, da ya ga tsakuwarsa biyu a jere sai ya ɗora ta uku yana murmushi. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, kun faɗi." Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce, "Share mu sake, yaro." Maganinsa a bar rata: biyu a jere, gurbi ɗaya fanko, sannan ɗaya. Ta cike rata kaɗai ake kaiwa huɗu.

Wasu kuma sun iya ratar, amma suna ɓarnatar da ita, suna tsammanin abokin wasa ba zai gani ba. Zai gani, ya toshe. Amfaninta shi ne tilastawa. Kafin ka buɗe rata, duba 'ya'yansa da ke kewaye da gurbin. In toshewar za ta jera masa uku, ka gama da shi: ya toshe ya faɗi, ya bari ka cike huɗu. A ganina daɗin wasan duk a nan yake. Kai ma kar ka riƙa tara 'ya'yanka bibbiyu ko'ina, don kowace biyu tarko ce da za a iya tura ka ciki.

Mai farawa yana da rinjaye, shi ya sa aka yarda na biyu ya karɓe ajiyar farko ta zama tasa in ya so. Saboda haka kar ka buɗe da tsakiya, fara daga gefe.