Yadda ake agashe a tsakar gida da sabuwar gyaɗa

Ruwan damina na ɗaukewa a Sudan wajen watan Oktoba, sai a shiga lokacin da Larabawan ƙasar ke kira darat, mu kuma muke cewa kaka. Ana yankan riɗi a Gadarif, gyaɗa ta fara fitowa daga gonakin Jazira da Sinnar, ɗanyar masara ta yi araha. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa da agashe, gashin naman nan da Hausawa suka kawo ƙasar, har sunansa ya zauna a bakin kowa daga Mai Wurno zuwa Umdurman.

Yawancin agashen gida a wajen haɗa garin ƙuli yake lalacewa, don haka daga nan za a fara, kuma tun ana saura kwanaki. Sabuwar gyaɗa tana da ruwa a jiki. A ɓare ta, a shanya kwana 3 ko 4 a rana, a tsince duk wadda ta yi baƙi ko ta yi hunhuna a zubar, domin wuta ba ta kashe gubar da ke cikin irin wannan. A soya kilo 1 a busasshen kasko har ɓawon ya riƙa fita da murzawa, a sheƙe, a niƙa ta zama dakwa (dakwar Sudan ake nufi, niƙaƙƙiyar gyaɗa zalla, ba dakuwar da ake mulmulawa a Kano ba).

A nan mutane ke yin gaggawa, su shafa dakwar kai tsaye a jikin nama. Da ta ji zafi sai ta narke ta zube cikin garwashi, wuta ta tashi, abin da ya rage ya ƙone ya yi ɗaci. Dole a cire mata mai. A zuba ta a turmi, a riƙa ɗiga ruwan zafi cokali-cokali ana juyawa da taɓarya har ta cure, mai ya fara tsattsafowa. A matse da hannu. Za a samu wajen kofi guda, a ajiye shi, da shi za a yi gashin. Tunkuzar da ta rage a faɗaɗa ta ƙanana, a soya a cikin man nata har ta yi ƙarau, ta huce, a daka, a tankaɗe, shi ne garin ƙuli.

Ga kilo 1 na nama: garin ƙuli kofi ɗaya da rabi, garin citta babban cokali 1, shatta (garin barkono) babban cokali 1, masoro ƙaramin cokali 1, kanumfari ƙwaya 5 dakakke, gishiri ƙaramin cokali 2. A ware kashi ɗaya cikin uku a wani kwano tun kafin ɗanyen nama ya taɓa shi, na barbaɗawa ne a ƙarshe.

Naman cinyar sa ya fi, maras jijiya. A yanka shi fale-fale, kaurinsa kada ya kai rabin santimita, faɗinsa kamar yatsu uku. Mai kauri bayansa ke ƙonewa cikinsa na ɗanye. A jiƙa tsinke a ruwa rabin awa, a tsire naman a miƙe, kada a cukurkuɗe shi. A shafa mai, a danna kowane gefe cikin garin da tafin hannu, a kakkaɓe. A rufe a inuwa minti 30. Ƙarshen damina lokacin ƙuda ne, ga zafi, kada ya wuce awa guda a ajiye.

Gawayin itacen talha yana riƙe wuta. A hura shi a kanun, wato murhun gawayi, a jira minti 20 zuwa 30 har harshen wuta ya mutu, farin toka ya rufe garwashin. A miƙa hannu a saman garwashin daidai tsayin wayar gashi: wanda ya iya jure daƙiƙa 4 ko 5, wutar ta yi, in ya janye kafin nan, a baje garwashin a ƙara jira. Minti 3 zuwa 4 kowane gefe ya isa, ana yayyafa mai kaɗan in an juya. Idan wuta ta tashi a janye tsinken gefe, kada a watsa ruwa, toka ce za ta tashi ta manne a garin.

Mai fili a gida ya fi kyau ya yi tukuba: a tara yashi, a hura wuta a tsakiya, a kakkafa tsinkayen kewaye, taƙi ɗaya daga garwashin, sun ɗan sunkuya. Yakan ɗauki minti 15 zuwa 20, amma mai ba ya ɗiga a wuta, garin kuma yana yin ja ba tare da ya ƙone ba. Ko kanun ko tukuba, a nisanta daga rakuba, wato rumfa, da tarin karan dawa, wata uku na wahalar gona tartsatsi ɗaya ke cinye shi.

Da an sauke, a barbaɗa garin da aka ware, a naɗe a takarda mai tsabta tare da yankakkiyar albasa minti 5, tururin ya tausasa naman. A kawo da tumatir da lemun tsami, sanyayyen zoɓo a gefe, wanda a kasuwa za a nema da sunan karkade.

Garwashin da ya rage na masara ne, aish rif a bakin masu sayarwa. A soka farce a ƙwaya ɗaya: in ta fitar da farin ruwa kamar madara, ta gashi ce, wadda ta bushe haƙori kawai za ta wahalar. A juya ta akai-akai, minti 10 zuwa 15. Ɗanyar gyaɗa kuwa da ɓawonta ake binne ta a toka mai zafi, a tono bayan kwata awa, a bushe tokar da faifai.