Kurakuran da aka fi yi wajen karanta tsohon yanayin tsaunuka daga zobban itace

Kafin a auna zobe ko ɗaya, wato da'irar da itace ke ƙarawa a cikin gangar jikinsa duk shekara, a fara tambaya: me ya fi takura wa itacen nan? Abin da ya takura masa shi yake rubutawa a jikinsa. Itacen da ke can sama, inda daji ke ƙarewa saboda sanyi, faɗin zobensa ɗumin bazara yake bi. Ɗan'uwansa na busasshen gangare a ƙasa kuwa ruwa yake bi. Duk wanda ya gwama su ya fitar da matsakaici zai samu layin da bai nuna zafi ba, bai nuna ruwa ba. A zaɓi wuri gwargwadon tambayar da ake son amsawa.

Sai kuskuren ƙirga zobba daga ɓawo zuwa ciki, a ɗauka kowane zobe shekara ce. A shekarar wahala itace kan kasa yin zobe a wani gefen jikinsa, wani lokaci kuma fari ya katse girma a tsakiyar kaka ya bar zoben ƙarya. Zobe ɗaya ya ɓace, duk shekarun da ke bayansa sun goce. Maganin tsoho ne, tun zamanin A. E. Douglass, wanda ya kafa ɗakin binciken zobban itace a Jami'ar Arizona a 1937: a jera samfuran itatuwa da yawa, a daidaita tsarin siraran zobba da masu faɗi har kowane zobe ya sami shekararsa. Kuma ba kowane siririn zobe ne sanyi ba. A tsaunukan Alps na Turai akwai tsutsar da ke cinye ganyen itacen lariks kusan duk shekara 8 zuwa 9.

Itace na tsufa zobbansa na sirancewa, dole a cire wannan da lissafi. Amma idan aka yi wa kowane samfuri shi kaɗai, sauyin da ya fi tsawon ran itacen shi ma ya tafi, sai ƙarnuka su fito a shafe kamar ba abin da ya canja. Gara a gina layin girma guda daga itatuwa masu yawa na yankin, a auna kowa da shi.

A ganina, an fi zamewa a aisotof, wato nau'o'in sinadari guda da suka bambanta a nauyi, don lambobinsa kan fito tsaf su sa mutum ya saki jiki. Oksijin-18, wato oksijin mai nauyi, da ke cikin itace labari biyu yake ɗauke da shi a haɗe: ruwan da saiwa ta sha, da yadda ganye ya tururar da shi gwargwadon bushewar iska. Ruwan sama kansa nauyin aisotof ɗinsa raguwa yake yi yayin da ake hawa tsauni, kuma saiwa kan sha narkakkiyar dusar ƙanƙarar hunturun da ya wuce. To wanda ya karanta lambar a matsayin zafin bazara kai tsaye, wataƙila laimar iska ko dusar bara ya auna. A gwada ruwan sama da ruwan ƙasa na wurin, a kuma ware selulos, wato zaren da ya gina jikin itace, maimakon niƙa itacen ɗungurungum da ƙaronsa.

Kabon-13, wato kabon mai nauyi, na da tasa matsalar. Ƙona kwal da man fetur ya sauke ma'auninsa a iska daga kusan -6.4 cikin dubu kafin zamanin masana'antu zuwa ƙasa da -8. Ba a cire wannan ba, sai a ga kamar wurin yana ta ƙara dausayi, don raguwarsa a itace alamar dausayi ce. Shekarun ƙuruciyar itace ma akan zubar da su.

Tashoshin auna yanayi galibi a kwari suke, tarihinsu kuma gajere ne. A raba shekarun tashar biyu, a gina lissafin da ke haɗa zobba da yanayi da rabi a jarraba shi da ɗaya rabin. Jarrabawar ba ta ado ba ce, domin tun wajajen 1960 wasu itatuwan arewacin duniya suka daina bin hauhawar zafi yadda suka saba. Idan faɗin zobe ya kasa nuna sanyin 1816, bayan aman wutar dutsen Tambora na Indonesiya a 1815, a auna taurin itacen da ya tsiro a ƙarshen kakar, shi ya fi kama sanyin shekara guda.