Gashin kaza a oben a Ingila, ba shinkafa ba tuwo

Sabon zuwa Ingila ba ya daɗewa sai ya ji wando ya fara matse shi. Sanyi ya hana yawo, a watan Disamba duhu na yi tun wajen ƙarfe 4 na yamma, ga shinkafa da taliya da burodi su ne suka fi araha a manyan shagunan Aldi da Lidl. Wani kuma likita ne ya auna jininsa ya ce sukari ya fara hawa. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana ɗauke da sitaci kusan giram 28, irin zubin da muka saba kuwa ya ninka haka uku. Farin kabeji (cauliflower) giram 100 bai kai giram 5 ba, naman kaza kuma babu ko kaɗan. Shi ya sa tire ɗaya na kaza da ganye ya isa abincin dare, kuma oben ɗin da ke gidan haya, wanda da yawanmu muka mayar ma'ajiyar tukwane, shi zai yi aikin.

A fara da kazar. A shagunan 'yan Afirka, irin na Peckham a Landan, ana sayar da kaza mai tauri, tsohuwar mai ƙwai, wadda ta fi kusa da kazar Hausa. Wannan ta miya ce da farfesu. In kuka sa ta a oben, haƙori zai sha wahala. Ta gashi ita ce kazar gidan gona mai taushi, kuma ku nemi cinya da ƙashinta da fatarta. Tsokar ƙirji ba ta da mai, minti biyar na ƙari ya isa ya busar da ita, cinya kuwa tana da haƙuri. Mahautan halal suna nan birjik a Green Street a gabashin Landan, Cheetham Hill a Manchesta, da Alum Rock a Birmingham, wasu rassan Tesco da Asda ma suna da sashen halal. Mai son ƙarin tabbaci ya duba tambarin HMC ko HFA, ƙungiyoyin da ke tantance naman halal. Kazar da aka riga aka jiƙa ta da miyar kwalba, ko aka bulbule ta da garin burodi, ku bar musu abarsu: sukari da fulawa ne a jikinta.

Maganar wanke kaza sai an yi haƙuri da mu. Hukumar lafiyar abinci ta ƙasar ta ce kada a wanke ɗanyar kaza a famfo, domin fantsamar ruwan na watsa ƙwayoyin cuta kan kwanuka da teburin girki, kuma wuta ce ke kashe su. Idan rai ya ƙi, a tsoma ta a hankali cikin roba mai ruwa da lemon tsami, a zubar ba tare da fantsama ba, a wanke wurin da sabulu. Ko an wanke ko ba a wanke ba, a tsane ta sosai da takardar kicin. Kazar nan ruwa ne da ita, jiƙaƙƙiyar fata kuma ba ta gasuwa.

Ga cinya kilo 1, kamar guda shida: man zaitun ko man gyaɗa babban cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 1, dunƙule 1, tafarnuwa sala 4, citta gwargwadon babban yatsa, garin tattasai ƙaramin cokali 2, masoro, tayim, da ruwan rabin lemon tsami. A murza har ƙarƙashin fata. Awa ɗaya a firij ta wadatar, in ta kwana ya fi.

Yajin tsire da aka zo da shi daga gida kada a shafa shi tun farko. Ƙuli-ƙulin da ke ciki yana ƙonewa kafin kaza ta nuna, ya bar ɗaci. A barbaɗa shi saura minti biyar, ko a faranti. In gidan na tarayya ne, a tambayi abokan zama, domin akwai waɗanda gyaɗa ke kai su asibiti.

Oben yana buƙatar minti 10 zuwa 15 ya ɗau zafi kafin a sa komai. A sa shi a digiri 200 na Salshiyas. Idan mai fanka ne, wato akwai zanen fanka a jikin maɓallin, 180 ya isa. Na gas kuma lamba 6. Alamar da ke da zanen haƙora a sama wutar sama ce kawai, za ta babbake fata ta bar ciki ɗanye. Wanda ya ɗauko tsarin girki daga shafin Amurkawa ya ga 400, wannan ma'auninsu ne na Farenhait, daidai yake da 200 na nan.

A jera cinyoyin fata na kallon sama, da tazara tsakaninsu, a tsakiyar oben, ba a rufe ba. Cunkoso shi ne babban abin da ke ɓata gashin nan: ruwan da kazar ta fitar ba ya samun hanyar ƙafewa, sai a buɗe a tarar da farar kaza tana iyo cikin romo. In tiren ƙarami ne, a yi biyu. Bayan minti 20 a jawo tiren, a zuba farin kabeji ko burokoli rabin kilo da aka ɓarɓara, da tattasai biyu da albasa ɗaya manyan yanka, a juya su cikin man da kazar ta tsatso. A mayar na minti 20 zuwa 25. In an sa ganyen tun farko, burokoli baƙi zai yi. Dankali da doya da agada ba su cikin lissafin nan, karas ma kaɗan.

Ma'aunin zafin nama na 'yan fam kaɗan ya fi duban ido. A soka shi a wuri mafi kauri, kada ya taɓa ƙashi, a nemi digiri 75. Cinya in ta kai 80 ma daɗi take ƙarawa. Wanda ba shi da ma'auni ya tsaga kusa da ƙashi: ruwan ya fito garau, naman ba ja. A bar ta ta huta minti biyar kafin a ci. Daskararriyar kaza kuma a firij ake narkar da ita tun daren jiya. Wadda aka jefa da ƙanƙara a cikinta, waje zai gasu ciki bai nuna ba.

Hayaƙi daga tsohon maiƙon da ya ɗiga a ƙasan oben yake tashi, ƙararrawar gobara kuma ba ta da kunya. A goge oben, a kunna fankar saman murhu, a rufe ƙofar kicin, a buɗe taga. Kada a toshe ƙararrawar da leda ko safa. A masaukin ɗalibai laifi ne da ke jawo tara.

Bahaushe bai yarda ya ci abinci ba sai ya ga tudu a faranti. A goga ɗanyen farin kabeji a magogi, a soya shi da mai cokali 1 minti biyar, a zuba romon tiren a kai. Ba zai zama shinkafa ba, amma yana shan miya kuma yana riƙe ciki. Miyar kwalba a juya bayanta a karanta adadin sukari cikin giram 100: giram 5 zuwa ƙasa kaɗan ne, sama da 22.5 ya yi yawa.

Mai allurar insulin ko mai shan maganin sukari irin gliclazide kada ya yanke sitaci farat ɗaya sai ya yi magana da likitansa, domin sukarin na iya faɗuwa cikin dare. Haka mai juna biyu.

Abin da ya rage a sa shi a firij cikin awa biyu, a cinye cikin kwana biyu, ko a jefa firiza. Ɗumame sau ɗaya ake yi, har sai tururi ya fito daga tsakiyar naman.