Yadda ake harbin gwaji don gano bindigar da ta fitar da harsashi

Cikin bututun yawancin bindigogi ba sumul yake ba. Masana'anta na yanka masa kwari da tudu masu murɗawa, kamar kunyoyin gona, don harsashi ya fita yana juyi. Duk harsashin da ya ratsa ta nan sai ya kwaso zanensu a jikinsa. Shi ma kwanson da ya faɗi ƙasa yana ɗauke da tambarin allurar da ta daki gindinsa, da na ƙarfen da ya tokare shi ta baya, da na ƙugiyar da ta fizgo shi. Aikin mai bincike shi ne ya sa bindigar da ake zargi ta sake yin wannan zanen a gabansa, sannan ya gwama da na harsashi ko kwanson da aka tsinta a wurin laifi.

Kafin komai a tabbatar babu harsashi a ciki. A cire gidan harsasai, a buɗe a duba da ido. A ɗauki hoto, a rubuta lamba da ƙira. Masu ɗaukar zanen yatsa da ƙwayoyin halitta su fara gama nasu, don da zarar an harba, zafi da taɓawa sun lalata musu aiki. A haska bututun da fitila. Kada a goge shi da burushin ƙarfe don ana ganin datti, yin haka na iya sauya zanen da ake nema. Idan akwai tsaga ko bindigar ta ci tsatsa, a ɗaure ta a maƙala a ja kunamar da igiya daga bayan kariya.

Harsashin gwaji ya zama irin wanda aka tsinta a wurin laifi: kamfani ɗaya, nauyi ɗaya, rufi ɗaya. Dalma tsura da mai rigar jan ƙarfe ba sa ɗaukar zane iri ɗaya, haka kwanson ƙarfe da na tagulla. Nan ne masu gaggawa suka fi tuntuɓe.

Ana harbawa cikin tankin ruwa mai tsawon kimanin mita 3, domin ruwa na tsayar da harsashi ba tare da ya ƙarce shi ba. Akwatin auduga ma yana yi, sai dai yakan goge zanen dalma mai laushi. Harsashi mai rami a baki yakan buɗe a ruwa, na bindiga mai tsananin gudu kuma yakan farfashe, to wani lokaci sai an rage masa albarushi. A sa harsashi ɗai-ɗai, a harba aƙalla 3, a tsamo kowanne kafin na gaba, a sa shi da kwansonsa a ambulan dabam mai lamba. Abin toshe kunne da tabarau dole ne, kuma kada mutum ya yi harbin shi kaɗai a ɗaki.

Daga nan sai madubin gwami, wato madubin ƙara girma guda biyu da aka haɗa da gada ɗaya, yadda ido zai ga rabin wannan harsashi manne da rabin wancan. Calvin Goddard da Philip Gravelle ne suka shigo da shi wannan fanni a Amurka wajen 1925, kuma da shi Goddard ya bincika kwansunan kisan gillar Chicago na 1929.

A fara da manyan alamomi: faɗin harsashi, yawan kwari, faɗinsu, da inda suka murɗa. AK-47 kwari 4 ne zuwa dama, fistol ɗin Colt 1911 kuwa 6 ne zuwa hagu. Idan waɗannan suka saɓa, magana ta ƙare, ba ita ba ce. Idan sun dace, abin da aka sani kawai shi ne irin bindigar, kuma irinta akwai dubbai.

Kafin a taɓa harsashin shaida, a gwama na gwaji da ɗan'uwansa na gwaji. Bindigar da ba ta maimaita zanenta tsakanin harbi biyu a jere ba za a kafa hujja da ita ba. Sai an ga layukan da ke dawowa kowane harbi, sannan a ɗora na shaida, a kwantar da hasken fitila ta gefe don ƙananan layuka su yi inuwa, a riƙa juya shi a hankali tudu bayan tudu. A yi hattara da zanen da injin masana'anta ya bari, domin bututu da yawa da aka yanka a jere da wuƙa ɗaya sukan yi tarayya a kansa, kuma ya sha ruɗar ƙwararru. Fistol ɗin Glock na da tasa matsalar: cikin bututun yawancinsu ba shi da kaifin kwari, harsashin na fita da ɗan zane kaɗan, don haka kwanso ya fi amfani.

Bindigar toka da ta farauta mai watsa ƙwayoyi ba su da kwari sam, ƙwayoyinsu ba sa nuna bututu. A ta farauta kwanso ne abin dubawa. Likitan da zai ciro harsashi daga jiki kuwa ya rufe bakin hantsakinsa da roba, ƙarcen ƙarfe ɗaya na iya shafe tudu guda.

Na'urar kwamfuta irin IBIS, wadda NIBIN, rumbun hotunan kwansunan harsasai na Amurka, ke amfani da ita, tana kawo jerin masu kama ne kawai, hukunci na mai madubi ne. Sakamako huɗu ne: ita ce, ba ita ba ce, ba a iya yankewa ba, ko shaidar ta lalace ba ta gwamuwa. Rahoton kwamitin mashawartan shugaban Amurka kan kimiyya na 2016 ya soki yadda ake furta sakamako kamar babu yiwuwar kuskure. Saboda haka a ba mai bincike na biyu ya duba ba tare da an gaya masa abin da na farko ya gani ba, a haɗa hotunan gwamin da rahoton da za a kai kotu.