Tonik Da Lemun Tsami Don Zafin Bazara

Turawan Ingila da giyar jin suke haɗa tonik, wato wani lemon kwalba mai gas da ɗan ɗaci. Mu a Katsina ba ruwanmu da giya, kuma ba mu rasa komai ba, don daɗin yana cikin ɗan ɗacin nan na kwinin da ke cikin tonik ɗin.

Uwargida, fara da saka kwalbar tonik na Schweppes a firij ta yi sanyi ƙarara. In babu wuta, ki nutsa ta cikin kula mai ƙanƙara.

Ki yanka ɗanyar citta siri-siri guda 3, ki jefa a dogon kofin gilashi, ki danne ta da bayan cokali har ƙamshinta ya taso. Ki matse rabin lemun tsami a kai.

Sannan ki cika kofin da ƙanƙara har baki. A nan ne ake yawan kuskure: in ƙanƙara ta yi kaɗan, nan da nan take narkewa, abin ya tsinke ya zama salam.

Ki karkata kofin, ki zuba tonik a hankali ta gefe don kada gas ɗin ya tsere. Juyi ɗaya ya isa. Ki goga ɓawon lemun a bakin kofin, ki miƙa wa maigida tun yana tsiyayar sanyi.